Wuƙar Kawu Bukar

Tun da na dawo daga ƙasar waje ba ku bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Ƙasar waje mana, ko Nijar a cikin Gumel take? Wanda ya je Saudiyya iyaka ya tsallaka, ni ma iyaka na tsallaka, sai dai shi a jirgi, ni a bayan babur ina rungume da tsoho. Kullum sai wani ya tare ni a bakin tasha: "Haladu, wa ya aske maka gashin hannu ɗaya ya bar ɗaya?" "Haladu, wai da gaske Kawunka ya ɗauki wuƙa?" To ku matso, sau ɗaya zan faɗa.

Wanda bai san Kawu ba, Malam Bukar ke nan, yayan mahaifiyata, malamin yanka a kwatar garin nan tun ana goya ni. In dai ka ci tsire a Gumel kafin bara waccan, ta hannun Kawu ya biyo, ka yi masa addu'a. Sai hannunsa na dama ya fara rawa. Ba ciwo ba komai, rawa kawai, in ya ɗauki kofin shayi rabi ne ke isa baki. Mahauta suka ji nauyin gaya masa, sai suka kawo wani malami wai ya riƙa taimaka masa. Yau taimako, gobe taimako, har Kawu ya wayi gari yana zaune yana kallo. Ya mayar da wuƙarsa kube ya koma gida.

Ana nan sai ga saƙo daga Jauro Hamma, wani Bafulatani da ke wata ruga can bayan Maigatari, cikin Nijar. Abokin Kawu ne tun Jauro na koro shanu kasuwa, kuma kun san Fulani da mu Mangawa, in an haɗu sai tsiya ta ƙare kafin a gaisa. An yi wa Jauro jika namiji, za a sa masa sunan Kawu, kuma Jauro ya rantse ba mai yanka ragon sunan sai shi. Rabonsu da haɗuwa an daɗe, bai san labarin hannu ba.

Yaya Mustafa, babban ɗan Kawu, ya ja ni gefe. "Haladu, kai ne marar aikin yi a danginmu, kai za ka raka shi."

Na ce na gode da yabo.

"Ba wasa nake ba. Ya je ya ci goro, ya yi addu'a, ku juyo. Kar ka bari ya taɓa wuƙa. In ya fara yanka hannu ya ci amanarsa, ya ɗaga wuƙa bai gama ba, rago ya zama mushe. Ragon suna, a garin mutane, a gaban mutane. Tsohon nan ba zai ƙara ɗaga kai ba."

Na ce ya kwantar da hankalinsa, ko farce ba zai yanke ba.

Ranar Alhamis muka tashi, ranar kasuwar Maigatari. Motar da muka samu ina jin ta girmi direbanta, wani dogo da ake ce wa Sabo. Ƙofarta da igiya ake ɗaure ta, kuma in Sabo ya taka burki sai ya haɗa da addu'a. A baya aka cusa mu, ni da Kawu da wani ƙaton ɗan kasuwar riɗi daga Gagarawa wanda shi kaɗai ya ci wurin mutum biyu da rabi, sai wata baiwar Allah da jaririnta, zazzaɓi na damunsa za ta kai shi asibiti.

Jakar fatar Kawu a cinyata take. Kafin mu bar gari ƙafata ta mutu.

"Kawu, bulo ka saka a ciki? Gini za mu yi wa Jauro?"

Ya buɗe bakin jakar kaɗan. Ga wuƙa a kubenta, ga wani abu naɗe a tsohon rawani. Ya kwance, sai ga dutsen washinsa, baƙi, dogo, tsakiyarsa ta lotsa don tsufa. A wurin mahaifinsa ya gaje shi.

Na ce, "Kawu, Yaya Mustafa fa ya ce..."

"Mustafa ne ya haife ni?"

"A'a, amma shi zai kashe ni."

"Ban wasa ta a gida ba don kar su ji ƙara. Tun da na ajiye ta ba ta ga dutse ba, can zan wasa." Sai ya zaro hannun daga cikin riga ya ɗora a gwiwa, yana ta kaɗawa shi kaɗai. Ya rage murya. "Duba nan, Haladu. Na fi Mustafa sanin hannun nan. Ja ɗaya ya rage masa, ba zai iya kai da komo ba. In wuƙa ta yi kaifin da nake so, ja ɗayan ya isa. In ba ta yi ba..." Bai ƙarasa ba, ya mayar da hannun cikin riga.



Da Sabo ya tsaya a kan kwalta da ba abin da ya faru. Amma wai an yi masa alkawarin wata akuya a wani ƙauye, sai ya karya kan mota ya shiga rairayi. Ba mu ga ƙauyen ba, ba mu ga akuya ba, sai ji muka yi fus, tayar baya ta sace. Muka fito. Sabo ya ɗauko jak ya kafa, yana murzawa jak na nutsewa cikin yashi, mota ko gezau. Ya ce a nemo dutse.

Ku da kuka san ƙasarmu kun san wannan maganar banza ce. Tsakanin Gumel da Maigatari, wanda aka haifa a can in ya ga dutse sai ya durƙusa ya gaishe shi. Muka sa itace, ya karye. Muka sa murfin tukunyar wata mata, ya lanƙwashe kamar hular sanyi. Na ba da shawara a kwantar da mai riɗi a ɗora jak a kansa, ba a karɓa ba. Rana ta fara zafi, jaririn nan tun yana kuka har muryarsa ta dishe.

Mai riɗi ne ya ce, "Malam, ai na ga kana da dutse a jaka."

Kawu ya yi kamar bai ji ba. Sabo ya zo ya tsuguna a gabansa. "Baba, wallahi tallahi ba abin da zai same shi. Ko ƙwarzane ya yi ka tsine min."

Kawu ya dubi jakar, ya dubi matar tana fifita ɗanta da gefen mayafi. Ya kwance rawanin da kansa ya miƙa.

Mota ta ɗagu kuwa. Aka cire taya, aka sa safaya, har mun fara hamdala. Wajen saukewa jak ya zame, mota ta dawo da nauyinta gaba ɗaya, muka ji ƙas. Da aka tono shi, babban guntun da ya rage bai kai goro ba. Sabo ya ɗora hannu a ka yana salati.

Kawu ya ce, "An dai sa tayar ko?"

"An sa, Baba."

"To mu tafi, yaron nan jikinsa zafi."

Ba zan ɓoye muku ba, a raina cewa na yi shi ke nan, Allah ya raba ni da Yaya Mustafa lafiya. Ba dutse, ba washi, ba yanka. Sai na juya na ga fuskar Kawu yana naɗe rawanin da ba komai a ciki, yana naɗewa a hankali kamar akwai. Murnar ta koma ciki.

Maigatari ranar kasuwa sai wanda ya gani. Shanu har inda ido ya tsaya, raƙuma na taunar banza suna yi wa mutane kallon da mai gidan hayata ke yi min a ƙarshen wata. Aka sauke mai jariri a ƙofar asibiti. Sabo kuwa ya ƙi rabuwa da mu, ya bar motarsa ya ja mu layin maƙera, wai akwai mai injin washi, shi zai biya.

Muka tarar da mutumin ya danna gatari a kan inji, tartsatsin wuta na tashi har rufin rumfa. Kawu ya tsaya yana kallo kamar an kai shi gidan makoki.

"Kawo, Baba," in ji mai injin, "kafin ka ƙifta ido an gama."

"Abin da nake tsoro ke nan. Wannan cin ƙarfe yake, ba washi ba. Zai ƙona mata baki, ta ga wuyan rago ta lanƙwashe."

"Duk mahautan kasuwar nan ni ke yi musu."

"Allah ya ba su haƙuri."

Muka zauna wajen wani mai shayi, na rage baƙin ciki da tsire da fura, don ni baƙin ciki yunwa yake sa ni. Mai shayin da ya ji labari ya kifa kofin tangaran ya ce gindinsa na wasa wuƙa, shi da shi yake yi. Kawu ya karɓa. Ya riƙe kofi da hagu, wuƙa da dama. Ai kuwa sai kofi da wuƙa suka kama kaɗa wa juna ƙararrawa, ƙwal ƙwal ƙwal, duk masu shan shayi suka juyo. Kawu ya ajiye kofin, ya ce wa mai shayi ya gode, kofin ya yi ƙanƙanta. Kowa ya san ba ƙanƙantar ba ce.

Daga nan sai babur. Wanda muke ce wa acaɓa, da ka tsallaka ya zama kabu-kabu, amma yadda yake jijjiga hanji duk ɗaya ne. A bakin iyaka wani jandarma ya tsayar da mu, siriri, kayansa a goge kamar yau aka ɗinka. Ya gaida Kawu da girmamawa.

"Papa, mi ne ne cikin sak ɗin?"

Jakar yake nufi. Na yi caraf na ce kayan aikin likita ne. Kawu ya harare ni ya zaro wuƙar. Ni har na fara tunanin wa zai riƙa kawo min tuwo a gidan yarin Faransanci. Jandarma ya juya ta, ya shafa bakinta da babban yatsa, sai ya yi dariya.

"Ku wuce, Papa. Wannan ko tumatir ba ta yankawa."

Da kama mu ya yi da Kawu ya fi jin daɗi. Har muka sake hawa babur yana maimaitawa a hankali, "Tumatir."

Na tambayi mai kabu-kabu ko rugar da nisa, ya ce nan kusa ce. Ku riƙe wannan: in mutumin can ya ce maka nan kusa, ka yi sallama da iyalinka. Mu uku a babur, Kawu a tsakiya, ni a kan ƙarfen baya. Yashi ya kayar da mu, muka tashi, ya sake kayar da mu. Faɗuwar ba zafi, kamar a kan katifa, amma ƙarangiya ta kama wandona har ya iya tsayuwa ba ni a ciki.

Da azahar muka isa. Bukkoki ne jere, da zana kewaye da wajen mata. Wani dogon tsoho, Jauro ke nan, ya taso da sanda a kafaɗa yana ɗaga murya tun daga nesa.

"Wa ya kwance min bawana ya bar shi yana yawo?"

Kawu ya ce, "Ɓarawon shanu, har yau ba a kama ka ba?"

"Ka tsufa, Bamange, ka zama kamar busasshiyar kuɓewa."

"Kai kuma da ma can ba ka taɓa yin nama ba."

Jauro ya cafko hannun Kawu na dama ya riƙe da nasa biyu. Na ga dariyar ta tsaya masa a fuska. Ya ji rawar. Bai saki hannun ba, bai kuma duba shi ba, sai ya juyo kaina ya ce wannan kuma wane mai kama da ɗan tasha ne aka kawo masa, a ƙirga kaji kafin in tafi.

Aka sauke mu a bukkar baƙi, tabarma a kan yashi mai laushi. Aka kawo kindirmo mai kauri, in ka kafa cokali a ciki sai ya tsaya, da tuwon hatsi, don su gero hatsi suke ce masa, man shanu na iyo a kan miya. Har da burodin can da wani ya kawo daga gari, dogo kamar sandar makiyayi, kuma da za a doki mutum da shi sai an kai shi asibiti. Shayinsu kuwa a wani ɗan mitsitsin kofi, kurɓa ɗaya ya ƙare, ka jira a sake dafawa. Mu a nan shayi abinci ne, su a can hira ce.

Bayan mun ci Jauro ya kai mu ganin ragon. Jama'a, uda ne, gaba baƙi baya fari, tsayinsa ya kai ƙirjina. Wuyansa kamar turmi. Na dubi wuyan nan, na tuna tumatir.

Jauro ya yi gyaran murya. "Ni fa na sake tunani. Yaushe Mangawa suka iya yanka? Liman na nan, ya yanka, kai ka zauna ka ci hanta."

Ƙofa ce ya buɗe masa, kowa ya gani. Na yi ta addu'a Kawu ya bi ta.

"Ka rantse ko ba ka rantse ba?"

"Na rantse, amma ai sai in yi kaffara."

"Riƙe kaffararka. Nemo min dutse."

Aka ba Jauro labarin jak. Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce rugar kaf ba dutse. Su wuƙa a kan wuƙa suke gogawa, su yanka a hakan da ƙarfin hannu. Can ya ce akwai guda ɗaya, amma shi bai isa ba. Dutsen niƙan uwargidansa ne, Inna Dudu. Babban ya yi kaushi, amma ɗan dutsen da ake murzawa a kai ya sha hannu har ya yi sulɓi.

Ni aka naɗa jakada. Na je bakin zana na yi sallama, na zuba gaisuwa har da ta shanu. Wata murya ta fito daga ciki, siririya amma da kaifi, da ita za a ba Kawu da an huta.

"Dutsen uwata ne, ita ma na uwarta ne. Bai taɓa fita wajen maza ba, ba kuma a kaina zai fara ba. Ya miƙo wuƙar in wasa masa."

Na koma na faɗa. Kawu ya ce tun da aka ƙera wuƙar nan ba wanda ya taɓa wasa ta sai shi.

Na dawo. Ta ce to ya shigo ya wasa a ciki.

Na koma. Kawu ya ce shi da girmansa ba zai shiga wajen matan amininsa ba, ga 'yan suna cike da gida.

Na yi ta safa da marwa har na haƙa hanya a yashi. Na yi ƙarya iri-iri, na ce mata Kawu kuka yake, na ce wa Kawu ta kusa yarda. Ba wanda ya motsa. La'asar ta yi, aka yi salla, rana ta fara karkata.

Muna zaune jugum sai muka ji ana ɓarke zana daga ƙasa. Wani hannu mai awarwaro ya buɗa kara, sai ga rabin dutse ya leƙo waje.

"Ina Bamangen? Rabin da ke waje nasa ne, rabin da ke ciki nawa. Ban sake shi ba, bai fita ba. Ya zo ya yi abin da zai yi kafin hannuna ya gaji."

Kawu ya tashi ba ko sanda. Ya durƙusa a gindin zana, ni na tsuguna da buta ina ɗiga ruwa. Ya ɗora wuƙa ya fara. Sai ƙarar ta fito a karkace, ƙarfe na tsalle a kan dutse, ƙyar ƙyar ƙyar. Ya tsaya, ya sake, haka dai. Ya kai hagu zai dafe dutsen kamar yadda ya saba, dama kuma ta ƙi tsayawa.

Ita tana riƙe da ɗaya gefen, duk rawar nan a tafin hannunta take sauka. Na jira ta yi masa tsiya. Sai na ji ta yi magana ƙasa-ƙasa, yadda mu biyu kawai za mu ji.

"Malam Bukar, saki dutsen. Ba inda za shi, ina nan. Riƙe wuƙarka da hannu biyu."

Kawu ya janye hagu daga dutse ya ɗora a kan dama, ya danne. Ya ja. Shuuu. Ya sake ja. Shuuu. Ƙarar ta miƙe sumul, ruwan da nake ɗigawa ya fara yin baƙi. Ya juya ɗaya gefen. Tun ina yaro nake jin ƙarar nan a zauren Kawu, ban taɓa sanin na yi kewarta ba sai ranar.

Da abu ya kankama Inna ta dawo da halinta. Wai kafaɗarta ta tsinke, wai Mangawa komai nasu a hankali kamar hawainiya, wai in ya cinye mata dutse sai ya biya da saniya. Kawu na ja yana ramawa, wai dutsen ma ya gaji da niƙa wa Fulani hatsin aro. Ba su taɓa ganin fuskar juna ba, amma sai ka rantse tare suka yi wasan ƙasa. Sai da rana ta kusa faɗuwa ya ce ya isa. Ya goga bakin a bayan kube, sama da ƙasa, sannan ya ce, "Haladu, miƙo hannu."

Na zaci addu'a zai yi min. Kafin in ankara ya bi damtsena da wuƙa tun daga gwiwar hannu, gashi na zuba kamar ana shara, ban ji komai ba sai sanyi. To ga amsar masu tambayar aski.

Wayata kuwa ba sabis, sai ka hau wani tudu can bayan garke ake samun na Najeriya. Na san Yaya Mustafa na can yana nema. Na dubi tudun, na ga ƙafata ba za ta iya ba.

Da safe ruga ta cika. Fulani da sanduna da malafa, 'yan ƙauyukan kusa, liman da jama'arsa, ana ta raba goro da dabino. Aka haƙa rami, aka jawo rago. Kawu ya ce a ba ragon ruwa ya sha tukuna, kuma wuƙar na bayansa, bai bari ragon ya gan ta ba. Aka kayar da shi aka fuskantar da shi alƙibla. Aka ce in danne ƙafafun baya, ni da ko kaza aka yanka sai na kau da kai.

Kawu ya durƙusa ya fito da wuƙa. Hannun nan ya tashi da rawa fiye da kullum, bakin wuƙa na walƙiya a rana, kowa na gani. Na ga liman ya matso taku ɗaya. Mai yanka da hagu yake kama haɓar dabba ya miƙar da wuya, dama ta yi aiki, kuma na ga abin da dama ke yi ita kaɗai a gindin zana. Na ce a raina, Yaya Mustafa, ka yafe ni.

Sai Jauro ya jefar da sandarsa. Dattijon ruga guda, ranar sunan jikansa, da sabuwar riga, ya zube gwiwa biyu a yashi ya ture saurayin da ke wajen kai. Ya kama haɓar rago da ƙaho ya miƙar da wuya ya ɗame shi tamau.

"Tsohuwa ta ce in riƙe maka kai," ya faɗa da ƙarfi, "wai kar ragon Fulani ya ji warin hannun Bamange. Ka ji da wuƙarka."

Aka yi dariya. Cikin dariyar nan Kawu ya ɗora hagu a kan dama.

"Bismillahi, Allahu akbar."

Ja ɗaya. Wallahi ban ga ya danna ba, wucewa kawai ta yi. Rago ya yi shure-shuren da ya watsar da ni gefe, na tashi da yashi a baki. Liman ya sunkuya ya duba wuyan da kyau, ya ɗago ya ce, "Ya yanku. Ma sha Allah, ya yanku sarai." Kafin a faɗi sunan ma guɗa ta tashi daga bayan zana, kuma na san muryar.

Aka yi addu'a, aka ce yaro sunansa Bukar, Allah ya raya. Kawu ya zauna daɓas a yashi, hannu na rawa kamar zai fita daga kafaɗa, yana dariya hawaye na bin gemu. Jauro ya zauna kusa da shi yana cewa a kawo wa bawansa nono kar ya mutu masa a gida.

Da za mu taho Kawu ya wanke wuƙar ya mayar kube, ya je gindin zana inda aka ɓarke, ya tura ta ciki. Ya ce ta zauna inda dutsenta yake, in takwara ya girma a ba shi. Inna ta ce ita ba ta karɓar kayan Mangawa. Amma hannun mai awarwaro ya fito ya ja ta.

Dawowa ba wani labari, sai cinyar rago da aka ba mu wadda na yi ta kare ta daga ƙudajen ƙasa biyu. Muna shiga gida muka tarar da Yaya Mustafa a zaure, fuska a murtuke. Ashe labari ya riga mu, ta bakin Sabo. Ya dube ni, na ɓuya a bayan cinyar rago. Ya juya wajen mahaifinsa.

"Baba, an ce ka tafi da wuƙa."

"Na tafi da ita."

"Ka yi yanka?"

"Na yi. Ja ɗaya." Kawu ya zauna, ya ɗora hannun a gwiwa a fili, bai saka shi cikin riga ba. "Ka kwantar da hankalinka, Mustafa, ba zan ƙara ba. Wancan karon ajiye ni aka yi. Wannan ni na ajiye."